Ƙasusuwan na Yamai, tarihin na Katsina, yaran na hadda a Maraɗi

A watan Yuli na 2025 aka yi gwanjon wani dutse a birnin New York na Amurka. Nauyinsa bai cika kilo 25 ba, amma kuɗin da aka biya sun haura dalar Amurka miliyan 5. Daga duniyar Mars ya ɓalle, ya yi ta gararamba a sararin samaniya har Allah ya sauke shi a hamadar jihar Agadas, inda wani mai neman irin waɗannan duwatsu ya tsince shi a watan Nuwamba na 2023. Masana sun ce ba a taɓa samun yankin Mars da ya kai shi girma a doron ƙasa ba. Hukumomin Yamai sun harzuƙa, suka buɗe bincike kan yadda ya fita daga Nijar, kuma da gaskiyarsu.

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A fadojin shayi na nan Maraɗi, hirar duk a kan kuɗin ta ƙare: nawa ke nan in an mayar sefa, miliyar uku ko ta fi, wa ya ci, wa aka cuta. Ban ji wanda ya ce, to da dutsen ya tsaya gida, ina za a ajiye shi, kuma yara nawa daga unguwannin Mokoyo ko Bagalam ko Zariya za su sa shi a ido kafin su yi furfura? Da an kai shi Yamai, an sa a gilashi, manya sun yanke ƙyalle, an watse. Ɗan Maraɗi sai dai ya gan shi a Facebook, kamar yadda yake ganinsa yanzu da ya faɗa hannun attajirin da ko sunansa ba a bayyana ba.

Ra'ayina ke nan, kuma ba na ɓoyewa: zuwa gidajen tarihi da na kimiyya ba yawon buɗe ido na masu hali ba ne. Karatu ne, kuma ya kamata ya shiga tsarin lakwal yadda jarrabawa ta shiga. Bai dace yaro ya zauna jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare a Maraɗi ba tare da ya taɓa tsayawa gaban wani abu da ya girmi kakan kakansa ba, ya zagaya shi, ya yi tambaya. Yaranmu na hadda kamar me. Mushe, wato malamin aji, ya rubuta taƙaitaccen darasi a allo, su kwafa, su rera, ranar jarrabawa su amayar. Suna iya lissafa maka zamunan tarihi cikin Faransanci ba gargada, amma ka tambaye su me ke ƙarƙashin yashin ƙasarsu, sai kallon kallo.

Alhali abin da ke ƙarƙashin yashin nan duniya ce ke tururuwa a kansa. Wanda ya taɓa shiga Gidan Tarihi na Ƙasa a Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, ya san abin da nake faɗa. Filinsa ya kai hekta 24. Ranar salla ba masaka tsinke, sai dai akasarin jama'a wurin zaki da kura da dorina suke cincirindo, su ɗauki hoto, su sayi abin sanyi, su wuce ƙasusuwan da ke gefe ba tare da sun ɗaga kai ba. Na taɓa zuwa da ɗan ƙanwata, yaro ɗan firamare, muka tsaya gaban ƙwarangwal ɗin wani kada da masana ke kira Sarcosuchus. Kansa kaɗai ya kusa tsawon namiji a tsaye, jikinsa duka ya haura mita 9. Yaron ya zagaya shi, ya leƙa cikin haƙoran, ya dawo ya ja mini riga.

"Kawu, a Gulbi aka kamo shi?"

Na ce a'a, daga Gadufawa aka tono shi, can cikin hamada gabas da Agadas, inda ba ka ganin komai sai yashi da tsakuwa. Ya yi jim, sannan ya ce, "To kada me zai je yi cikin yashi?"

Wannan tambayar ita ce ilimin kimiyya tun daga tushe, kuma ba mushe ya sa masa ita a baki ba, ƙashi ne. Amsarta kuwa ita ce darasin da yake haddacewa ba ya ganewa. Shekaru wajen miliyan 110 da suka wuce, wurin da yake hamada yau manyan koguna ne da kurmi. Masu binciken yuraniyom na Faransa su suka fara cin karo da ƙasusuwan, sannan masani Philippe Taquet ya shiga tono a wurin tun wajen 1965. Daga nan aka fito da dinozor, irin dabbobin zamanin da da suka ƙare a duniya, da ake kira Ouranosaurus, mai doguwar ƙaya a gadon baya. Daga nan kuma aka samu wanda aka raɗa wa sunan ƙasarmu a 1999, Nigersaurus, dabba mai faffaɗan baki da haƙora kusan 500, wadda take kiwo kanta a ƙasa, haƙori na zubewa wani na maye gurbinsa cikin makonni biyu. Yaro a Chicago ya san Nigersaurus. A Venis ta Italiya akwai Ouranosaurus a tsaye cikin gidan tarihinsu, a Paris akwai wannan kadan. 'Ya'yan wasu na zuwa da malamansu suna zana su a littafi, namu ko sunan ba su ji ba.

Kuma ba sai an koma miliyoyin shekaru ba. A Gobero, cikin Tenere, ayarin Paul Sereno ya gano wata maƙabarta a shekarar 2000, kaburbura kusan 200 na mutanen da suka zauna a bakin tafki tun kimanin shekaru 10,000 baya, suna su da ƙugiya da mashin ƙashi. A ciki har da wata mace da yara biyu da aka binne rungume da juna. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa a jikin dutse, tsawonsa ya fi mita 5. Ba wanda zai zana raƙumin dawa da irin wannan ƙwarewa sai wanda yake ganinsa kullum. Manomin da ke kukan damina ta taƙaice, yashi na cin gona, ya fi kowa buƙatar sanin cewa ƙasar nan ta taɓa zama kore shar ta bushe, kuma bushewar tana da dalilai da ake iya nazari.

A gidan tarihin na Yamai akwai wani busasshen kututture da aka gina wa ɗaki shi kaɗai, itacen Tenere. Itacen ƙaya ne da ya rayu shi ɗaya tilo, ba wani itace kusa da shi sai an yi tafiya mai nisan gaske, ayarin gishiri na Bilma da shi suke gane hanya. Da aka haƙa rijiya kusa da shi aka tarar saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi. Duk faɗin hamadar nan, itace guda, shi ya ga dama ya hau.

To amma Yamai ta fi kilomita 600 daga nan. Kuɗin kar, wato babbar motar fasinja, zuwa da dawowa, da masauki, da abinci, ga uba mai 'ya'ya takwas wannan magana ce ta mafarki. Shi ya sa nake ganin kuskure ne mu riƙa kallon yamma kawai. Abin da ya fi kusa da mu yana gabas da kudu.

A ɗauki hanyar Damagaram, wadda ba ta kai kilomita 250 ba. Tun kafin a isa, darasi ya fara. In an wuce Tasawa sai Maijirgi, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke, hafsoshin Faransa biyu da suka ratso ƙasar Hausa a 1899 suna ƙone garuruwa, suka gwabza da Sarauniya a Lugu, suka yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi, suka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, sannan sojojinsu suka juya musu suka kashe su a watan Yulin shekarar. A cikin jiharmu wannan ya ƙare. Motoci nawa ke wuce Maijirgi kullum cike da ɗalibai da malamai ba wanda ya ce direba ya taka burki? Minti ashirin a tsaye a wurin ya fi mako guda na kwafar darasi kan shigowar Turawa. In an isa Damagaram ga gidan tarihi na jiha, ga fadar sarki, ga lungunan Birni da zanen da magina suka yi a fuskar gidaje. Nan ne Sarki Tanimun ya kewaye gari da ganuwa, maƙeransa suka ƙera masa igwa a gida. Nan ne kuma babban birnin mulkin mallaka ya zauna kafin a mayar da shi Yamai a 1926.

Katsina kuwa ko kilomita 100 ba ta kai ba, kuma a nan ne abin ke ba ni takaici. Sarkinmu Sarkin Katsina ake kiransa, ba don ado ba. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa su ma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore ya yi ta kai yaƙi yana neman maido gadon kakanninsa. Wato rabin farko na labarinmu yana can bayan Ɗan Isa da Jibiya: hasumiyar Gobarau da ta haura shekara 500, ragowar ganuwa da ƙofofi, kaburburan Durɓi ta Kusheyi, da gidan tarihin da aka yi a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Rabi na biyu kuma yana nan wurinmu, kuma ɗan makarantar Katsina shi ma bai san shi ba, don a littafinsa labarin Haɓe ya tsaya ranar da suka fita ƙofar gari. A ƙara gaba kaɗan ga rijiyar Kusugu a Daura, ga Gidan Makama a Kano da tsoffin ƙyamaren ƙofofin birni da hotunan shigar Ingilishi a 1903.

'Yan kasuwarmu suna ratsa iyakar nan safe da yamma, da taki da atamfa da wake da awaki. Ana kai amarya, ana zuwa ta'aziyya, ana zuwa asibiti. Abu guda da ba ya ƙetarewa shi ne motar 'yan makaranta. Ga layin dogo ana shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, duk maganar da ake yi a kansa ta kaya ce da kwastan. Ina so in ji wani daga cikin masu faɗa a ji ya tambayi nawa za a rage wa aji guda da malaminsu, da irin takardar da za ta sa jami'an iyaka su bar su su wuce su dawo a yini ɗaya.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce, "Malam, wuraren nan ai tarkacen gumaka ne da kayan bori, me za ka kai ɗan Musulmi ya yi?" Na ce, Baba, ajiyewa daban, bautawa daban. Allah da kansa ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ya fara halitta, yana nan a Suratul Ankabut aya ta 20. Gawar Fir'auna ma cewa ya yi zai bar ta ta zama aya ga na baya. Yaron da ya ga rigar ɗan bori a bayan gilashi, aka yi masa bayanin yadda kakanni suka rayu da yadda Musulunci ya kafu, bai fi wanda ya ji labarin a ɓoye shiga haɗari ba. Ban da haka, gadon malamai shi ma ajiya yake nema. A cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Yamai akwai rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami wajen 4,000. Nawa ne irinsu ke cikin adakar gidajen malamai a Limanci da Tsibiri da Madarumfa, gara da ɗigon damina na cinsu?

Magana ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan yi kamar ba ta da shi ba. A garin da gobara ta kashe yara fiye da 20 a azuzuwan zana a Nuwamban 2021, a jihar da 'yan bindiga suka hana ƙauyukan Madarumfa da Gidan Runji barci, wa zai fito yana maganar ƙashin dinozor? A fara gina aji tukuna, in ji su. Na yarda a gina aji. Amma a duba lissafin da kyau. Ba za mu iya sa ɗakin gwaji a kowace makaranta ba, ko nan da shekara ashirin. Yaro na gama sakandare ya karanta na'urar ƙara girman ƙananan halittu a littafi, ya zana ta, ya ci maki a kanta, bai taɓa sa ido a cikinta ba. Ɗaki guda mai kyau da makarantu ɗari za su riƙa zuwa bi da bi ya fi araha nesa ba kusa ba. Talaka ne ma ya fi buƙatarsa, don ɗan mai kuɗi uban zai kai shi Dubai ko Alƙahira ya gani. Batun tsaro kuwa, ba na cewa a kwashi yara a nufi Gadufawa. A je inda hanya ta yi kyau, da rana, abin da ba a iya zuwa gare shi a kawo kwafinsa. Yawancin ƙwarangwal da ake gani a tsaye a gidajen tarihin duniya ma zubi ne da aka yi daga na asali.

Su ma gidajen tarihin namu suna da nasu laifin, na nan da na ƙetaren iyaka. Na shiga wani, ba sai na faɗi suna ba, na tarar da mai gadi ya tafi da makulli, aka aika yaro ya nemo shi a kasuwa. Da aka buɗe, ba wuta, ƙura ta yi wa gilashin lulluɓi har sai da na sa hannun riga na goge kafin in ga takobin da ke ciki. Takardar bayani ta koɗe, layi biyu ne cikin harshen Turawa: sunan abu, da sunan ƙabila. Wa ya ƙera, yaushe, da wane ƙarfe, a wane yaƙi aka zare shi, ko oho. Mai rakiya yana da hadda tasa shi ma, in ka katse shi da tambaya sai ya koma farko. Wata tsohuwa da ta shigo tare da mu ta tsaya gaban wani masaƙi, ta shiga yi wa jikanyarta bayanin yadda ake kaɗi da mazari da abawa, yadda ake ja zare a rina shi da baba. Cikin minti biyar duk mun koma bayanta, har da mai rakiyar. Abin da wurin ke nema ke nan: bayani da Hausa, da boko da ajami, da muryar wanda ya san abin, ko da a waya za a saurara. Gidan tarihin da inna da baba ba za su gane komai a cikinsa ba, ba don mu aka gina shi ba.

Wannan ya kawo ni kan Maraɗi kanta. Ba katafaren gini nake roƙo ba, irin wanda za a aza tubalinsa da kiɗa a bar shi shekara goma ba rufi. Ɗakuna huɗu ko biyar da fili da inuwa sun isa farawa, kuma abin sawa a ciki ba sai an yi odarsa daga waje ba. A tono kututturen itace da saiwarsa duka a kafa a tsakiya, a nuna yadda sassaben zamani ke aiki: manomi ya bar 'yan rassa masu ƙarfi daga tohon kututture, ya datse sauran, cikin 'yan shekaru ya samu itace. A nan jihar aka fara yaɗa dabarar wajen 1983, da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya da manoman karkara, kuma masu bincike sun ƙiyasta ta maido itatuwa kusan miliyan 200 a fili hekta miliyan 5. Ƙasashe na aiko mutane su koya, ɗan birni a Maraɗi bai san an yi ba. A nuna dalilin da ya sa gero ke yin kyau a gindin gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. A kawo jar akuyar Maraɗi, da majemi da bagaruwarsa, a bi fata tun daga kwata har ta zama takalmi, a faɗa wa yara cewa irin fatar nan ce ta ratsa hamada ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko. A ajiye buhun wake biyu, na gargajiya da mai ninki uku, yaro ya buɗe da hannunsa ya ga wanda ƙwaro ya ci, a bar shi ya gano cewa rashin iska ne ya kashe ƙwaron.

Sannan a ware ɗaki guda don Abdou Moumouni. Mutane sun san sunan a jikin jami'ar Yamai, kaɗan ne suka san a Tasawa aka haife shi a 1929, kuma masanin kimiyyar hasken rana ne da ya jagoranci hukumar ONERSOL tun daga 1969, yana ƙera tukunyar girki da na'urar dafa ruwa masu aiki da rana tun ba a fara yayin sola ba. Faifai mai ƙyalli, da tukunya, da zafin ranar Afrilu ta Maraɗi, ruwa ya tafasa a gaban yara ba itace ba gawayi. Wanda ya ga wannan yana ɗan shekara goma sha biyu ba zai sake ɗaukar kimiyya a matsayin kayan Nasara ba. Masu bayani kuwa ga su nan zube: ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da ma'aikatan binciken noma na Tarna, da malaman da suka yi ritaya suna zaune ƙofar gida.

Kuɗi fa? Garin da alhazansa ke gina masallatai da gidajen mai da manyan shaguna ba zai ce ɗakuna biyar sun gagare shi ba. Ilimi mai amfani yana cikin sadakar da ba ta yankewa, malamai sun sha faɗa a kan mumbari. Masu kamfanonin kar su ba da mota ɗaya sau ɗaya a wata, makarantu su yi layi. Ma'aikatar magajin gari ta ba da fili da mai shara da wanda zai riƙe makulli ya kuma zauna a wurin.

Akwai aikin da ba ya jiran ko sisi, kuma shi ya fi gaggawa. Duk rabon gado sai an fitar da tsohon sirdi, ko sulke, ko ma'aunin gyaɗa, ko taskira, magada su ce tarkace ne, 'yan gwangwan su auna a kilo. Abin da ya fi daraja kuma dillalai su bi da shi ta bayan gida, yadda aka wawushe tukwane da mutum-mutumin Bura, wani wurin tarihi a yammacin Nijar, bayan an gano su a 1975, har sai da aka sa su cikin jerin kayan tarihin da aka hana saye da sayarwa a duniya. Mutane ma haka suke tafiya. A 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, aka tashi aka hau tudu inda muke yau. Wanda ya ga wannan da idonsa yana ɗan shekara goma, yanzu ya kai casa'in. 'Yan kaɗan ne suka rage a Maradawa da 'Yandaka da Ɗan Gulbi. Kowane malamin tarihi a garin nan ya raba ɗalibansa uku uku a hutun da ke tafe, ya ba su tambayoyi, su ari waya, su je su gaishe da tsofaffin unguwarsu su ɗauki muryarsu: ina kasuwa take, ina fada take, ruwan da dare ya zo ko da rana, wa ya raba filaye a sabon gari. A tara abin da aka samu a jami'a, a ajiye kwafi a fada.